Ruwan Rijiya Ɗaya: Jigogin da Suka Haɗa Waƙoƙi da Labaran Yaranmu

Laccar da aka gabatar a gaban malaman Hausa na makarantun firamare da sakandare, da iyaye da ɗalibai, a birnin Daura

 

  

An ɗora mini nauyin in yi magana a kan waƙoƙi da labaran da muke ba yaranmu, in kwatanta saƙonnin da suke ɗauke da su. Kafin in buɗe littafi ko ɗaya, ku ba ni dama in koma tsakar gidan da na tashi.

A ƙauyenmu, nan ƙasar Sandamu, in an yi sallar lisha an ci tuwo, sai mu kewaye kakarmu a kan tabarma. Da rana ko mun yi ta magiya ba ta yi mana tatsuniya, sai dare. Tana ɓarar gyaɗa a ƙwarya, sai ta ɗauko labarin 'yar Bora da aka kora ta je ta wanko ƙirgi a ruwan Bagaja. Duk kogin da yarinyar ta tarar, sai kaka ta tsayar da hannu, ta sassauta murya, ta rera 'yar waƙar da yarinyar take tambayar kogin ko shi ne Bagaja. Mu kuma mu karɓa mata gaba ɗaya, har wanda barci ya fara ɗauka ya farka ya sa baki. Yau fiye da shekara 40 ke nan. Sassan labarin da yawa sun zube mini, amma waƙar tana nan daram, kuma duk ranar da na rera ta sai labarin ya biyo ta kamar ɗan akuya a bayan uwarsa.

Kaka ba ta san kalmar adabi ba, amma ba ta taɓa raba waƙa da labari ba. Mu malaman makaranta ne muka raba su. Jadawalin darasi ya ce yau zube, jibi waƙa. Manhaja ta ce wannan adabin baka ne, wancan rubutacce. Takardar jarrabawa ta ware wa kowanne sashensa. Rabon yana da amfani wajen tsara aiki, sai dai yaron da ya tashi a kansa yakan bar makaranta yana zaton Abubakar Imam da Mu'azu Haɗeja da kakarsa ba su taɓa haɗa hanya ba. Abin da ya kawo ni gabanku yau shi ne in nuna cewa ruwan rijiya ɗaya suke ɗebowa. Labari yana nuna wa yaro abu ya gani, waƙa kuma tana ɗaure masa shi a baki ya tafi da shi. Wanda aka ba ɗaya aka hana ɗaya, rabin guzuri aka ba shi.

Saƙon da waƙa ko labari ya ginu a kansa shi manazarta suke kira jigo. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya koya mana yadda ake gano shi a rubutacciyar waƙa, a nemo furucinsa, a warware shi baiti bayan baiti. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma, wajen nazarin waƙar baka, turke yake ce masa. Dukkan kalmomin biyu daga gida aka ɗauko su: jigo shi ne ke riƙe da gugan mai ban ruwa a lambu, turke shi ne ke riƙe da doki komai zagayensa. Zan ɗauki jigogi huɗu, in bi kowanne ta cikin labari sannan ta cikin waƙa, daga nan in nuna inda hanyoyin biyu suke rabuwa.

Jigo na farko: ƙishirwar gari

Ba Daurawa za a ba labarin rijiyar Kusugu ba, amma mu tuna gundarinsa. Baƙo, Bayajida, ya iso gari cikin dare bayan doguwar tafiya, ta Barno da Garun Gabas da Gaya, inda maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana. Ya nemi ruwa, ta ce babu, domin wani maciji da ake kira Sarki ya tare rijiya, ba a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin, ya sha, ya shayar da dabbarsa, ya kawo wa tsohuwa saura. Da gari ya waye Magajiya Daurama ta nemi wanda ya yi aikin. Daga nan aure ya biyo, aka haifi Bawo, aka sami asalin Hausa Bakwai kamar yadda muka gada. Masana tarihi suna da muhawararsu a kan Bayajida, wannan fagensu ne. Ni yau ina kallon labarin a matsayin darasin farko da ɗan Daura yake ji tun kafin ya riƙe alli.

Mene ne jigonsa? Jama'a tana cikin rashi, kowa ya saba da rashin har ya ɗauke shi ƙaddara, sai mutum ɗaya ya ce a ba shi guga.

Ku riƙe wannan, mu tafi Katsina. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Wani matashin malami a Makarantar Midil ta Katsina, Abubakar Imam, ya shiga da Ruwan Bagaja, aka buga shi a 1934. Ɗan sarki ba shi da lafiya. Mutumin da ya riƙe tauraron labarin, Alhaji Imam, a matsayin uba ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, aka wulaƙanta shi a fada saboda wannan magana. Alhaji Imam ya fita duniya, ya yi shekaru yana yawo, suna ta karo da Malam Zurƙe, har ya dawo da ruwan. Abubakar Imam sunan littafinsa a bakin tsofaffi ya same shi, daga tatsuniyar nan da kakata take yi mana. Ga jarumi a bakin rijiya, ga matafiyi a bayan duniya, ga yarinya da ƙirgi a ka, dukkansu ruwa suka fita nema, kuma babu wanda ya fita don cikinsa shi kaɗai.

Yaron da yake zuwa Islamiyya zai tuna ƙissar Annabi Musa, alaihis salam, a Suratul Ƙasas, lokacin da ya isa rijiyar Madyana yana baƙo, ya tarar da mata biyu sun ja gefe da dabbobinsu, ya shayar musu, alherin nan ya zama sanadin masauki da aure. Wajibi ne malami ya bambance wa yaro cewa ƙissar Alƙur'ani gaskiya ce tsantsa, tatsuniya kuwa ƙirƙira ce. Bayan ya bambance, sai ya bar yaron ya ga yadda al'ummar da ta sha karatun Alƙur'ani take son labarin baƙon da ya taimaki raunana a bakin ruwa.

To, ina waƙa a nan? Ƙasarmu ƙasar gefen hamada ce, mun san darajar ɗigon ruwa. In damina ta yi jinkiri, yara suna cikin waɗanda ke zaga gari suna roƙon ruwa da waƙa. Na'ibi Sulaimanu Wali ya yi Waƙar Damina, wadda ɗalibai da yawa suka karanta a makaranta, ya zana wahalar bazara da farin cikin saukar ruwa. Sai kuma marubuta waƙoƙin shekarun 1950 suka dubi Arewa suka hango wata ƙishirwar. Zamanin da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura yaƙi da jahilci, Mu'azu Haɗeja ya yi waƙa a kan wannan yaƙi, ya yi wata a kan ilmin zamani. Alhaji Aƙilu Aliyu ya kamanta ilmi da itaciyar kadaura mai faɗin inuwa. Maganar dai ita ce ta Kusugu: akwai abin da gari ba ya rayuwa sai da shi, akwai abin da ya tare hanya, ana neman mai ɗaukar guga. Malamin da ya jera waɗannan a mako ɗaya yana iya tambayar ajinsa: wane maciji ne ya tare rijiyar unguwarku yau? Za ku ji yara da bakinsu suna ambaton shaye-shaye da zaman banza da barin makaranta.

Jigo na biyu: tsohuwar bakin hanya

Wata shekara na kai 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare ziyara Kusugu. Suka shiga ginin da aka kewaye rijiyar da shi, suka leƙa, aka ɗebo musu ruwan suka sha. Da muka koma aji na tambaye su wa ya fi burge su a labarin. Maza suka ɗaga murya, Bayajida. 'Yan mata da dama suka ce Daurama. Wata yarinya a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu a hankali ta ce, "Malam, ni Ayana." Na ce don me? Ta ce, "Malam, da dare ya zo, ba ta san shi ba, ba ta da ko ruwan da za ta ba shi, amma ta buɗe masa ƙofa. Kuma gugan ai nata ne." Ajin ya yi tsit. Na daɗe ina ba da wannan labari, amma ranar na fara ganin tsohuwar sosai.

Tun daga lokacin nake bin sawunta, sai na tarar tana ko'ina a tatsuniyoyinmu. A Daskin-da-Riɗi, 'yan mata sun yi kwalliya za su je wurin saurayin da ba ya auren kowa sai wadda ta san sunansa. A hanya suka tarar da tsohuwa tana wanka, ta roƙi a cuɗa mata baya. Kowacce ta yatsine ta wuce, sai 'yar ƙaramar da aka raina ta tsaya ta cuɗa, ita ce tsohuwa ta faɗa wa sunan. A tatsuniyar ruwan Bagaja, 'yar Bora ta sauka gidan cinya da kare, ta ga abin mamaki ba ta yi dariya ba, aka ba ta ƙwayar shinkafa da ƙashi ta dafa ba ta yi gardama ba, aka ce ta zaɓi ƙwai ta ɗauki ƙarami. 'Yar Mowa ta bi hanyar nan da rashin kunya, ta ɗauki babban ƙwai, ta girbi abin da ta shuka. Darasin a fili yake: makullin alheri yana hannun wanda ido ya raina, kuma ladabi ne kuɗin sayensa.

Waƙa ta ɗauki wannan jigo ta ba shi suna. Mu'azu Haɗeja yana da waƙar Birrul Walidaini, a kan biyayya ga iyaye. Waƙoƙin gargaɗi da na wa'azi, tun daga na masu jihadi, cike suke da horo a kan girmama na gaba da karrama baƙo. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta ilmantar da matan karkara: jagororin matan 'Yan Taru, da ake kira jaji, su zo su haddace baitoci, su koma ƙauyukansu su koyar. Ta san abin da kakata ta sani, cewa magana in an sa mata kari ba ta zubewa a hanya. Haka nan tashe, da yaranmu ke fita yi daga goma ga watan azumi: wasan Mairama da Daudu zaman gida yake koya wa 'yan mata, Jatau mai magani sunayen itatuwa da amfaninsu yake jerowa. A tashe labari da waƙa da kwaikwayo duk a ƙwarya ɗaya ake dama su.

Bambancin a nan shi ne, waƙa takan ce wa yaro yi kaza, bar kaza. Tatsuniya ba ta umarni. Takan sa shi ya bi 'yar Bora har gida, ya bi 'yar Mowa har gida, ya zaɓa da kansa. Yaro yana bukatar duka biyun: ya ga sakamako, ya kuma sami kalmar da zai riƙa tuna wa kansa.

Jigo na uku: kan maciji

Da Daurama ta yi shelar za ta saka wa wanda ya kashe macijin, mutane da yawa suka fito kowa yana cewa shi ne. Aka ce to, ina kan? Nan bakin kowa ya mutu, sai baƙon da ke gidan Ayana ya fito da shi. Wannan gaɓa tana da 'yar'uwa a tatsuniyar Auta da Dodo. Auta da yayarsa sun sauka wani gari da Dodo ya hana sakat da dare. Auta ya gasa duwatsu ya jefa masa a baki ya kashe shi, ya bar shaida, a wani ƙaulin takalmi, a wani ƙaulin ya yanke wutsiya ya ɓoye. Da safe manya suka yi ta da'awa, shaida ta ƙaryata su, ta gaskata ƙaramin yaro. A ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, riga ce ta zama shaida fiye da sau ɗaya. Yaron da ya taso da waɗannan ya san cewa faɗa da baki ba ya wadatarwa, sai an ga abin da ke hannu.

Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka buga cikin littattafai uku daga 1937 zuwa 1939, a kan wannan turke aka ɗaure shi. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, waziri maci amana yana ƙulla yadda zai fitar da Musa ɗan sarki daga gida a hallaka shi, aku kuma yana tsare yaron da labari bayan labari har sarki ya dawo. Asirin waziri ya tonu, aku ya sami wazirci. A littafi na uku kuma aku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar magana. Ku duba da kyau: littafin da kansa yana gaya mana cewa labari katanga ce da ake kewaye yaro da ita har hankalinsa ya nuna.

A ɓangaren waƙa, sunan waƙar Mu'azu Haɗeja kaɗai ya isa darasi: Gaskiya Ba Ta Sake Gashi. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, an san waƙoƙinsa da kira ga faɗin gaskiya komai ɗacinta. Karin maganarmu ma ta ce ramin ƙarya ƙurarre ne. A zamanin da yaro ɗan shekara 12 yake karɓar labarai a wayar hannu ta WhatsApp da TikTok, waɗanda ba a san tushensu ba, babu tambayar da ta fi dacewa mu sa masa a baki irin ta Daurama: ina kan macijin?

Jigo na huɗu: ɗan da ba uwa a kusa

Wannan jigo shi ya fi taɓa zuciyar yara, domin kowane aji akwai mai ɗauke da shi a ƙirji. 'Yar Bora ba ta da mai tsaya mata. Ta-kitse, yarinyar da ta samu daga kitsen saniyar tsohuwa, an kai ta gidan sarki, kishiyoyi suka tura ta bakin wuta alhali sun san za ta narke. A rubutaccen zube, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma ya fito daga gasar 1933, labarin yaro ne da aka sace aka raba da uwarsa, ya ƙetare hamada, ita kuma ta bi sawunsa cikin bauta da wahala, suka haɗu tana gab da cikawa. Na sha karanta ƙarshen littafin nan a aji, ban taɓa gamawa ba tare da wani yaro ya sunkuyar da kai ba.

Waƙa ta riga littafi zuwa wannan wuri. Waƙar farko da ɗan Bahaushe yake ji ita ce ta reno, yana goye, ana lallashinsa ana yi masa alkawarin uwa na nan tafe. A dandali, waƙoƙin gaɗa da na rakiyar amarya suna cike da kukan rabuwa da gida da zaman gidan wani. Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya tashi ba uwa ba uba, ya ɗauki maraicin ya mai da shi suna, ya riƙe kuntiginsa yana yi wa talaka da karen mota waƙa. Labari yana gaya wa maraya cewa mahaƙurci mawadaci, ƙarshe zai yi kyau. Waƙa kuma tana ba shi abin da labari ba ya bayarwa, wato muryar da zai yi kukan da ita a cikin jama'a, a kuma karɓa masa amshi. Wanda aka karɓa wa amshi ya san ba shi kaɗai ba ne.

Inda hanyoyin suka rabu

Kada a ɗauka waƙa da labari kullum bakinsu ɗaya. Amfanin kwatance ma ya fi fitowa inda suka saɓa.

Ku ɗauki Gizo. Maƙaryaci ne, makwaɗaici, mai tsamin baki, ya cuci Ƙoƙi ya cuci maƙwabta, amma yara suna sonsa. Hankaki suka ara masa gashi suka kai shi ɓauren tsakiyar ruwa, ya ce duk 'ya'yan nasa ne, suka karɓe gashinsu suka bar shi. Ya faɗa hannun kadoji, ya ce shi ɗan'uwansu ne, ya cinye musu ƙwai, ya tsere. Babu waƙar gargaɗin da za ta yabi irin wannan hali. Tatsuniya kuwa ta bar yaro ya yi dariya, ya ɗanɗani wayo daga nesa, ya kuma ga cewa Gizo kullum cikin gudu yake, ba shi da aboki ba shi da kwanciyar hankali. In malami ya ajiye Gizo kusa da waƙar gaskiya, ya tambayi yara me ya sa muke dariya da shi alhali ba ma so a kira mu da sunansa, to ya buɗe musu ƙofar tunani.

Wani lokaci kuma waƙa ce take gyara wa tatsuniya zama. A yadda aka ba mu labarin 'yar Mowa, da ta fasa ƙwanta kutare da makafi da guragu ne suka fito, a matsayin sakayyar rashin kunyarta. A ajinku akwai yaro mai lalurar ido ko ta ƙafa yana saurare. Me zai ji a ransa? A nan sai malami ya kawo Aliyu Namangi na Zariya, makaho tun yana ƙarami, wanda ya tsara Imfiraji, waƙar da ta shiga lungu da saƙo na ƙasar Hausa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ba mu jefar da tatsuniyar kaka ba, mun dai sa mata abokin tafiya da zai cike giɓinta. Haka nan kishiyar uwa, wadda tatsuniya ba ta cika nuna alherinta ba, alhali da yawa daga cikinmu a hannun irinta muka tashi cikin gata.

Bambanci na ƙarshe shi ne na riƙo. Labari zarensa ake tunawa, kowa ya sake shi da kalmominsa. Waƙa kuwa kari da amsa-amo suna ɗaure kalmominta, ba ta yarda a taɓa. Alhaji Mamman Shata, wanda aka yi wa makwanci a nan Daura a 1999, shaida ne: ku je tasha, za ku sami direban da bai taɓa zama a aji ba yana rera waƙarsa daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Wannan ƙarfi ne ya sa Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, ya zuba labarin ƙasa da tarihi cikin Waƙar Nijeriya don ɗalibai su haddace. Sauran al'ummu ma sun gane haka. Labaran dabbobi na Kalila wa Dimna, da Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, asalinsu daga Indiya, don tarbiyyar 'ya'yan sarakuna aka tsara su. La Fontaine na Faransa ya zuba irinsu cikin waƙa tun 1668, 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, a Matamaye da Magarya da Damagaram, waɗanda suka yi makarantar Faransanci, sun haddace su. Ahmad Shauƙi na Masar, wanda ya rasu a 1932, ya yi wa yaran Larabawa haka. Mu kuwa tun a tsakar gida muka gaji wannan haɗi.

Abin da ya rage gare mu

Magabata sun yi nasu. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyi da labarai daga hannun malaman ƙasar nan, aka buga cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi na ɗaya zuwa na shida, a farkon shekarun 1970, don 'yan makaranta. Kamfanin Gaskiya da NORLA da NNPC na Zariya sun cika makarantun Arewa da littattafai. Saura mu.

Abokan aikina malamai, roƙona gare ku mai sauƙi ne, ba ya bukatar kasafin kuɗi. Duk makon da za ku koyar da labari, ku nemo masa waƙar da suke jigo ɗaya. Ku raba allo biyu, ku bar yara su faɗi inda suka haɗu da inda suka rabu. Kada ku rubuta musu jigo su kwafa, ku bari su haƙo shi, domin wata rana yarinyar layin baya za ta nuna muku Ayana. Daga nan ku ce wanda ya ji labari ya mai da shi baiti biyu, wanda ya ji waƙa ya ƙago mata labari.

Iyayenmu mata, ku ne makarantar farko. Tatsuniya ɗaya a mako, bayan lisha, a ajiye waya a kashe talabijin, ta fi wa yaro tsarabar kasuwa. In kun zo wurin waƙar kada ku tsallake, ku rera, ku sa su karɓa.

'Ya'yana ɗalibai, musamman na Kwalejin Yusufu Bala Usman da ke nan garin, tsofaffin da suka san waɗannan abubuwa suna nan a Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, amma kullum raguwa suke yi. Wayar da ke aljihunku tana ɗaukar murya. Ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku nemi izini, ku ɗauka, ku rubuta da harshen da suka faɗa, da Daurancinsa. Marubutanmu kuma, yaran yau suna jiran sababbin littattafai masu hoto, waɗanda za su ga garinsu da kasuwarsu da makarantarsu a ciki.

Iyayenmu sarakuna, Allah ya ƙara muku lafiya, duk shekara jama'a na taruwa a Daura don Sallar Gani. In aka ware wa yara wani yammaci a lokacin, makarantu su yi gasar tatsuniya da waƙa a kan jigo ɗaya, za a ga abin da zai faranta rai.

Ana kiran garin nan tushen Hausa. Rijiyar da labarinmu ya faro daga gare ta tana nan har yau da ruwanta, haka ma rijiyar hikimar da kakanni suka bar mana ba ta ƙafe ba. Yaranmu suna tsaye a bakinta da ƙishirwa, mu ne gugan da ke tsakaninsu da ruwan. Hausawa sun ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Ina roƙonmu, don Allah, kada a yi wannan karin magana da mu.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ji ƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.